Girki da Lantarki a Sansanin 'Yan Gudun Hijira: Kurakuran da Aka Fi Yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta hallaka mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Shi ya sa nake murna duk lokacin da tukunyar lantarki ta shiga sansanin 'yan gudun hijira ko unguwar masu ƙaramin ƙarfi, inda mata ke shan doguwar tafiya neman itace. Abin takaici, sau da yawa ba a jimawa sai ka tarar an mayar da ita cikin kwalinta, an koma murhu.

Babban kuskure shi ne kawo na'ura kafin a duba ƙarfin wutar da ke wurin. Tukunyar lantarki mai dafawa da matsin tururi tana jan kusan wat 1,000, ƙaramar solar da ke kunna fitila da cajin waya kuwa ba ta kai ko kusa ba. Ko da akwai wutar da unguwa ke rabawa, sai a jona tukunyar da siririyar wayar kasuwa, a ɗora mata fanka da rediyo. Ka taɓa filogin bayan minti goma: idan ya yi zafi, ko ka ji ƙaurin roba, cire shi nan take. A inda ɗakuna ke manne da juna, rufinsu leda da ciyawa, gobara ba ta tsayawa gida ɗaya. A ba tukunyar soket nata ita kaɗai, da waya mai kauri, kuma ƙwararren mai gyaran wuta ya haɗa.

Wasu kuma sukan zaɓi risho na lantarki don arha, alhali zafinsa yana tsiyayewa ta gefe, yana cinye yunit. Ita tukunyar matsi da zarar tururi ya cika sai ta riƙa katse wuta da kanta, wake ya nuna ba a ci yunit ɗaya ba. Murhun indokshan kuwa, wato murhun lantarki mai zafafa tukunya da ƙarfin maganaɗisu, ba ya karɓar tukunyar alminiyam. A gwada da maganaɗisu, in ya manne a gindinta za ta yi.

Sai cika tukunya maƙil. Wake da shinkafa suna kumbura, su toshe kafar tururi, don haka kada su wuce rabi. Kada a tilasta buɗe murfi kafin tururin ya sauka.

Wanda ya fi damuna shi ne na ƙungiyoyin agaji: a raba kaya a yini ɗaya a tafi. Robar murfi da ke hana tururi fita tana saki, kuma in babu mai sayar da ita a kusa, tukunya lafiyayya ta zama tarkace. A horar da masu gyara daga cikin mazauna wurin, a bar musu kayan canji, a kuma bari mata su koya wa junansu da irin abincin da suka saba dafawa.