Yadda ake ƙidayar mutanen ƙauye da auna hanyar da ke kai su gari

Duk mai neman a kawo wa ƙauye asibiti, makaranta ko titi, tambaya biyu za a fara yi masa: mutum nawa ne a wurin, kuma ta ina ake isa gare su. "Muna da yawa, hanyarmu kuma ta lalace" ba amsar da za ta shiga takarda ba ce.

Fara da zana taswirar ƙauyen, ko da da hannu ne, ka sa wa kowane gida lamba da alli a jikin ƙofa. Kada ka bar gidajen gona da 'yan tsirarun bukkokin da ke can gefe, su ake fi mantawa. Iyali-iyali ake ƙidaya, wato masu ci daga tukunya ɗaya, domin gida ɗaya kan ɗauki iyali biyu ko uku. Sai ka tsayar da dare guda, ka rubuta duk wanda ya kwana a ƙauyen a daren nan. Waɗanda suka tafi neman kuɗi ko karatu a ware musu shafi dabam, in ba haka ba za a ƙirga su a nan, a sake ƙirga su a can. Jarirai kuwa sai ka tambaya da bakinka, "An yi haihuwa a gidan nan cikin wata 12 da suka wuce?", don sau da yawa ba a ambatarsu. Bayan an gama, wani dabam ya koma gida ɗaya cikin kowane 10 ya sake ƙirgawa, a gwada da ta farko.

Idan tsohuwar ƙidaya ce a hannunka, a ƙara mata yawan ƙaruwar kowace shekara a kan ta bara. Mutum 1,200 masu ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 za su kai kusan 1,390 bayan shekara 5.

Wajen hanya aka fi yin kuskure. Ma'aunin da Bankin Duniya ya fitar a 2006, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin muradun ci gaba mai ɗorewa, yana duba mutanen karkara nawa ne ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da mota ke bi rani da damina. Tafiyar ƙafa ce ta kamar minti 25. Kunna GPS na waya, wato abin da ke nuna daidai inda kake a taswira, ka bi hanyar daga tsakiyar ƙauye zuwa babban titi, kasuwa da asibiti mafi kusa, kana rubuta kilomita da minti. Ka maimaita a tsakiyar damina, domin awon rani yaudara ne: hanya mai kilomita 15 kwalbati ɗaya da ruwa ya cinye ya isa ya yanke ta. Kowane mashigin rafi, gada da wurin da mota ke kafewa, ɗauki hotonsa da lambar GPS, ka tambayi direbobi kwana nawa yake hana wucewa a shekara.

Sannan a zaunar da mutum bakin hanya daga 6 na safe zuwa 6 na yamma, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, yana ƙirga motoci, babura, kekuna da masu tafiya a ƙasa, kowanne a layinsa.

A ƙarshe haɗa su a jadawali ɗaya: unguwa, yawan mutanenta, minti zuwa titi da rani, minti da damina, da ranar da aka yi awon.