Masu tafiya hutu da jariri, ku nemi kujerar gado tun yanzu

'Yar'uwa, idan za ku tashi daga Abuja zuwa Landan ko wani wuri mai nisa da goyo, kada ki saya masa kujera. Da kin biya tikiti, ki kira kamfanin jirgin a ranar, ki ce a ba ki layin gaba mai ɗan gadon jarirai.

Yaron da bai cika shekara 2 ba ana ɗauke shi a cinya, kuma yawanci kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa. Gadon a jikin bango ake maƙala shi, a gabanki. Abuja zuwa Landan ta haura awa 6. Hannunki zai huta, ki samu ki ci abinci, ki kula da yayyensa.

Gadajen kaɗan ne a jirgi, lokacin hutun Disamba kuwa kowa da nasa goyon. Wadda ta bari sai ta isa filin jirgin Nnamdi Azikiwe, sai dai haƙuri.

Amma fa idan yaron ya yi nauyi, ba za a sa shi ba. Kowane kamfani da iyakarsa, ki tambaya. Jirgi na fara girgiza za a ce ki ɗauke shi, ko barci yake. Sannan a wannan layin ba a barin jaka a ƙasa lokacin tashi da sauka, don haka ki ciro madara da kunzugu tukuna.

In an fara sauka ki ba shi nono, haɗiya na rage ciwon kunne.