Darasi na Goma Sha Biyu: Kalmar "Enter", Ma'anoninta da Asalinta

Akwai wasu kalmomin Turanci da mutum zai yi ta cin karo da su ko da bai taɓa zama a aji ba, domin an rubuta su a ƙofofin asibitoci da bankuna da tashoshi, kuma suna fitowa a fuskar wayar da ke aljihunsa. Ɗaya daga cikinsu ita ce enter. Haruffanta biyar ne, wato E, N, T, E da R. Turawan Ingila suna furta ta kamar "enta", ba a jin harafin ƙarshe, su kuwa Amurkawa suna fito da shi sosai.

Ma'anarta ta farko ita ce shiga wani wuri. A nan Hausa ta fi Turanci fayyace magana, domin Bahaushe yana bambanta "ya shiga" da "ya shigo", gwargwadon inda mai maganar yake tsaye, amma enter ta haɗa duka biyun. Idan aka ce "He entered the room", yana iya zama ya shiga ɗaki, yana kuma iya zama ya shigo ɗaki, sai dai a duba wanda ya yi maganar, a ciki yake ko a waje. Haruffan E da D da aka ƙara a ƙarshen kalmar su ne ke nuna cewa an riga an yi aikin. Daga wannan ma'ana aka sami Entrance, wato ƙofar shiga, da kuma No Entry, wadda daidai take da "Ba shiga" da ake rubutawa a bakin zauren wasu gidajenmu. A kan titi ba lallai a ga rubutun ba, sai dai jan allo mai da'ira da farin layi kwance a tsakiyarsa, kuma direban da ya gan shi ya san an hana abin hawa shiga ta nan. Kishiyar Entrance ita ce Exit, ƙofar fita, kuma a babban gini ya kamata mutum ya lura da inda take tun da shigarsa, saboda gobara ko turmutsitsi.

Ma'ana ta biyu ita ce ta fi muhimmanci ga ɗaliban wannan aji, kuma ita ce mutane suka fi ruɗewa a kanta. A nan ba mutum ne zai shiga ba, wani abu ne zai shigar, ko suna, ko lamba, ko adadin kuɗi. Idan ka sa katinka a na'urar cirar kuɗi ta banki, abin da za ta fara rubuta maka shi ne "Enter your PIN", ma'ana ka shigar da lambobinka huɗu na sirri. Bayan haka tana iya cewa "Enter amount", wato ka rubuta nawa kake son cira. A gefen lambobin akwai maɓallai masu launi. Kore shi ne yawanci ke ɗauke da kalmar Enter, kuma danna shi na nufin ka gama rubutawa, ka yarda na'ura ta ci gaba. Rawaya na goge kuskure ne, ja kuwa na fasa aikin gaba ɗaya. Dalilin da ya sa muka tsaya a nan shi ne, dattawa da mata da yawa suna miƙa katinsu ga wanda suka tarar a layi, su faɗa masa lambar sirrinsu da bakinsu, ba don kome ba sai don sun kasa karanta waɗannan 'yan kalmomi. Ta wannan hanya ake musanya wa mutane kati, a kwashe musu abin da suka daɗe suna tarawa. Wanda ya gane enter ya kuma san lambobi daga 0 zuwa 9, zai iya cire kuɗinsa da hannunsa, ko a banki ko a wurin mai POS, ba tare da kowa ya san sirrinsa ba.

Wannan ma'anar ce kuma ke kan fom na neman aiki ko na rajista a intanet, inda za a ce "Enter your name" ko "Enter your phone number", wato rubuta sunanka ko lambar wayarka a cikin akwatin da aka tanada. A kwamfuta ma akwai babban maɓalli a hannun dama mai suna Enter, sau da yawa da kibiya mai lanƙwasa a kansa. Idan ana rubutu, shi ke sauko da mutum sabon layi, aikin da masu tafireta a da suke yi ta hanyar tura wani ƙarfe da hannu, shi ya sa a wasu kwamfutocin ake rubuta Return a kansa.

Ma'ana ta uku ita ce shiga cikin wata harka, kamar makaranta ko gasa ko aikin soja. Iyaye a Nijeriya sun san jarrabawar Common Entrance, wadda 'yan firamare ke yi don shiga sakandare. A takardun haya da na ciniki kuma ana rubuta "enter into an agreement", wato ƙulla yarjejeniya, kuma duk wanda ya ga wannan a takardar da aka ba shi ya sa hannu, ya nemi a karanta masa sauran kafin ya dangwala. A lura cewa ana sa into ne a irin wannan wuri kawai. Idan ɗaki ne ko gida, "enter the house" ake cewa kai tsaye.

Game da asalinta, enter ba haifaffiyar Ingila ba ce. Tushenta Latin ne, harshen Rumawan da, inda intra ke nufin ciki, intrare kuma shiga. Daga Latin ta gangaro cikin Faransanci ta zama entrer. A shekarar 1066 William, sarkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya tsallaka teku ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings, ya hau gadon sarautar Ingila. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan mutane na tsawon shekaru ɗaruruwa, talakawa kuwa suka ci gaba da Turancinsu, har sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. A cikin wannan zama ne dubban kalmomin Faransanci suka shige Turanci, kuma enter ta bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 13. Haka Hausa ta karɓi alƙali da hukunci da shari'a daga Larabci ta hanyar malamai da kotuna.

Wannan tarihi yana da amfani a aikace. Turawa suna da nasu kalmomin na gado, go in da come in, kuma su suka fi amfani da su a hira, enter kuwa ta fi zama a takardu da alluna da na'urori. Idan ka ƙwanƙwasa ƙofar ofis, "Come in" za ka fi ji. Haka nan "enter motor" da ake faɗa a tashoshin Nijeriya Turancin buroka ne, kowa yana ganewa, amma a rubutun jarrabawa "get into the car" ko "get on the bus" ake so. Ɗalibanmu na Nijar kuwa sun riga sun san uwar kalmar, domin Entrée da suke gani a ƙofofi a Maraɗi da Damagaram, da Entrez da ake cewa idan an yi wa mutum izinin shigowa, duk tushensu ɗaya da enter.

Aikin da za a yi kafin haɗuwa ta gaba shi ne, kowane ɗalibi ya rubuta enter da Entrance da Exit sau biyar-biyar a littafinsa, da manyan haruffa da ƙanana. Sa'an nan ya nemo wurare uku a garinsu ko a wayarsa inda ɗaya daga cikinsu ta fito, ya kwafo jimlar yadda take, ya zo ya faɗa wa aji ko shiga ake nufi a wurin ko shigarwa. Malami zai zana maɓallan na'urar cirar kuɗi a kan allo, kowa ya fito ya gwada da lambobin ƙirƙira, kada wani ya yi amfani da lambar sirrinsa ta gaskiya.