Darasi na 9: Minsharin da ke yanke numfashi

A Garwa, idan zafin Maris da Afrilu ya koro mutane tsakar gida, kowa ya san mai minshari a unguwarsu. Mukan ce gajiya ce. Wani lokaci haka ne. Amma akwai minsharin da ciwo ne.

Uwargida, ke za ki fara ganewa, domin mai barci bai san halin da yake ciki ba. Ki kasa kunne. Maigida yana ta jan minshari, sai ki ji tsit. Ƙirjinsa na motsi, amma iska ba ta shiga. Ki ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku, har goma, ko fiye. Can sai ya zabura, ya ja iska kamar wanda aka shaƙe, ya juya ya ci gaba. Da safe ki tambaye shi, zai ce lafiya lau ya kwana.

Ga abin da ke faruwa. Idan barci ya yi nisa, naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska. Ƙiba da kaurin wuya suna ƙara shi, haka taba da giya da ƙwayar barci. Idan numfashi na tsayawa ko raguwa sau 5 a awa ɗaya, ga kuma gajiya da rana, likitoci sun ce ciwo ne. Idan ya kai sau 30, ya yi tsanani.

Mai wannan ciwo yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki. Ana huɗubar Juma'a yana gyangyaɗi. Sannu a hankali hawan jini ya shigo, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne direban babbar mota a hanyar Garwa zuwa Ngaundare. Goro da shayi ba za su biya masa bashin barci ba, kuma ba ransa kaɗai ke hannunsa ba.

To, ina za a je? A fara da asibitin kusa, a auna jini da nauyi, a nemi takardar zuwa wurin likitan huhu. A Yawunde, asibitin Jamot ya yi suna kan ciwon ƙirji. Akan ɗaura wa mutum ƴar na'ura ya kwana da ita, ta ƙirga numfashinsa. Uwargida ta raka shi, domin ita ce shaida.

Akwai magani. Akwai injin CPAP mai hura iska ta hanci duk dare, wanda likita Colin Sullivan ya fito da shi a Ostareliya a 1981. Yana da tsada, yana kuma son lantarki. Kafin a same shi, a rage ƙiba, a bar taba, a riƙa kwanciya ta gefe maimakon rigingine.

Yaro ma kan yi wannan ciwo, in naman maƙogwaronsa ya kumbura. Don Allah kada a kai shi wurin wanzami cire beli. A kai shi likita ya duba.

Aikin gida: rubuta kalmomin minshari, numfashi, maƙogwaro da huhu sau uku-uku. Idan akwai mai minshari a gidanku, saurare shi dare uku, ka rubuta sau nawa ya yi tsit, ka tafi da takardar asibiti.