Yadda ake kauce wa gudan jini a ƙafa bayan tiyatar kwatangwalo

Wanda aka sauya wa ƙashin kwatangwalo, ko saboda sikila ko karaya ko tsufa, jininsa kan yi saurin daskarewa a jijiyoyin cikin ƙafa, domin ga rauni ga kwanciya. Gudan kan ɓalle ya toshe hanyar jini a huhu, kuma hatsarin kan kai wata uku, wato mafi yawansa a gida ne bayan sallama.

Da farko, a tashi da wuri. Likitoci kan tayar da majiyyaci ya taka da sanda a ranar da aka yi tiyatar ko washegari. 'Yan uwa su daina cewa "bar shi ya huta", tausayin nan cutarwa ne. Ko a kwance, ya riƙa ɗaga tafin ƙafa sama yana sauke shi, sau goma duk awa.

Na biyu, maganin tsinka jini, ko allurar enoxaparin a fatar ciki ko ƙwaya irin rivaroxaban da apixaban. Akan sha shi har kwana 28 zuwa 35, kuma a nan aka fi sakaci: ciwo na lafawa sai a ajiye, musamman da yake yana da tsada. A kammala shi. Kada a haɗa da diclofenac ko ibuprofen ko jiƙo sai da izinin likita. Haɓon da ya ƙi tsayawa ko baƙin bahaya, a koma asibiti.

In an ba da safar matse ƙafa a sa, a kuma yawaita shan ruwa. Masu dawowa daga Indiya ko Masar su tambayi likitan da ya yi aikin yaushe ya dace su hau jirgi.

Sai duban ƙafa kullum. Kumburi kaɗan bayan aiki ba abin mamaki ba ne, amma in sha-raɓa ta kumbura fiye da ɗayar, ta ɗau zafi, tana ciwo, a tafi a yi hoton jijiya na Doppler a ranar. Kada a yi tausa, kada a gasa da ruwan zafi, kada a kira mai ɗori, murza wurin na iya tunkuɗa gudan. In numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya soke, ko aka yi tarin jini, a nufi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.