Yadda Ake Tantance Zazzaɓi Da Kyamarar Auna Zafi

Zafin fata kyamarar take karantawa, ba na cikin jiki ba. Don haka a kafa ta cikin ɗaki, nesa da taga da fanka, a kunna ta minti 30 kafin fara aiki.

Wanda ya shigo daga ranar Afrilu ta Kano, ko ya sauko daga Adaidaita Sahu cikin iskar hunturu, ya zauna minti 15 tukuna, in ba haka ba lambar ƙarya za a gani. Haka ma mai ɗanyen ruwan alwala a fuska. A tsayar da mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire tabarau, a auna kusurwar ido ta wajen hanci.

Wanda ya kai digiri 38, a sake gwada shi da ma'aunin asibiti. Mai zazzaɓin da ya sha farasitamol kuwa, yana iya wucewa ba a gane ba.