Yadda Ake Bin Sawun Kakan da Aka Ce Hafsan Soja Ne

Mafi yawan masu shiga wannan aiki suna farawa ne da rubuta sunan kakansu a shafukan bincike na intanet, su yi ta maimaitawa har su gaji, sannan su yanke hukuncin cewa ba a rubuta shi a ko'ina ba. Sojoji kuwa da muƙami da runduna da shekara suke ajiye bayanan mutanensu, suna a baya yake zuwa, don haka wanda ya je da suna kaɗai da wuya ya dawo da wani abu.

Mataki na farko, kuma wanda aka fi faɗuwa a kansa, shi ne tabbatar da cewa mutumin hafsa ne da gaske. A bakin dangi duk wanda ya taɓa ba da oda a bariki hafsa ne, alhali a tsarin soja akwai katanga tsakanin mai takardar naɗi daga sarki ko shugaban ƙasa, wato daga laftana zuwa sama, da kofur da saje da samanja, waɗanda komai girman ikonsu cikin kurata ake lissafa su. Takardun waɗannan rukunoni biyu a wurare dabam ake ajiye su, kuma hanyar nemansu ba ɗaya ba ce. Shekarun aikinsa sukan warware maganar tun kafin a buɗe fayil. A rundunar Birtaniya ta Afirka ta Yamma, alal misali, wadda aka kafa a 1897, sai a 1942 aka fara naɗa ɗan Afirka a matsayin hafsa, wato Seth Anthony na ƙasar da yanzu ake kira Ghana, 'yan Nijeriya kuwa sai ƙarshen shekarun 1940 suka fara samun wannan naɗi. Ke nan ɗan Afirkan da ya yi yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu) a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a runduna ta 81 ko ta 82, aka kuma ce shi ne yake riƙe da jama'a, kusan tabbas samanja ne ko saje, kuma duk wanda ya neme shi a jerin hafsoshi zai ɓata watanni a banza. Akwai kuma wanda ya fara a kurtu daga baya aka naɗa shi, wanda shi kuma bayanansa suka rabu gida biyu, dole a nemi kowanne a inda yake.

Abubuwan da suke gida su ne shaidar farko a nan. A duba hoto da kyau, domin alamar saje a hannun riga take, taurarin hafsa kuma galibi a kafaɗa. A juya lambar yabo a karanta gefenta: lambobin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya an zana musu suna da muƙami, na Yaƙi na Biyu kuwa yawanci babu rubutun komai aka raba su. Takardar sallama ko ta fansho, ko da ta yage, ta fi labarin baka goma amfani.

Mataki na biyu shi ne gano rundunarsa. Kada a tsallake shi. Hafsoshin Birtaniya ba su da lambar soja a lokacin Yaƙi na Ɗaya, sai bayan yaƙin aka fara ba su, saboda haka runduna ce kawai take raba mutum da takwarorinsa masu suna iri ɗaya. A kuma kula da cewa ana ba da aron hafsa ga wata runduna na tsawon shekaru, amma sunansa yana nan a ƙarƙashin ta asali, kuma wannan ne dalilin ɓacewar da yawa daga cikinsu: dangi suna tuna inda ya yi aiki, takarda kuma tana riƙe da inda aka naɗa shi.

Na uku, a shiga jaridar gwamnati. A Birtaniya ita ce London Gazette, wadda ake bugawa tun 1665, kuma a cikinta ake sanar da naɗin hafsa da ƙarin girmansa da ajiye aikinsa. Kyauta ake duba ta a intanet, shi ya sa ban ga dalilin biyan kuɗin shafukan asalin dangi ba kafin a gama da ita. Sai dai injin bincikenta yana tuntuɓe a kan tsofaffin haruffa, kuma sau da yawa harufan farko na suna kawai ake bugawa tare da sunan mahaifi, don haka a gwada kowane irin rubutu da wani akawu zai iya yi wa sunan. A haɗa da littafin jerin hafsoshi mai suna Army List, wanda aka fara bugawa a 1754. Ni dai ƙa'idata ita ce a bi shi shekara bayan shekara ba tare da tsallake ko ɗaya ba, a rubuta muƙami da runduna a kowace, domin shekarar da sunan ya daina fitowa ita ce za ta nuna inda za a nemi mutuwarsa ko ritayarsa.

Sai bayan wannan ake neman fayil ɗinsa, kuma a shirya wa rashinsa. Ruwan bama-bamai a Landan a watan Satumba na 1940 ya ƙone manyan fayilolin hafsoshin Yaƙi na Ɗaya, abin da ya tsira shi ne takardun wasiƙu da fansho da suke a gidan adana takardun tarihi na Kew da ke Landan, a jerin takardun Ma'aikatar Yaƙi masu lamba WO 339 da WO 374, na waɗanda suka bar aiki kafin 1922. A Amurka gobarar 12 ga Yuli 1973 a cibiyar adana bayanan sojoji ta St. Louis ta cinye fayiloli miliyan 16 zuwa 18. Na hafsoshin Faransa suna gidan adana takardun soja na Vincennes, kusa da Paris. Fayilolin waɗanda suka yi aiki daga baya sukan buƙaci shaidar mutuwa kafin a ba da kwafinsu.

Idan fayil bai samu ba, a koma wa littafin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum a fagen fama, inda akan ambaci hafsoshi da sunansu, kurata kuwa da adadi kawai. Na Yaƙi na Ɗaya suna WO 95, na yankin Bama a Yaƙi na Biyu suna WO 172. Wanda ya mutu a bakin aiki a ɗaya daga cikin yaƙoƙin biyu a neme shi a kundin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, shi ma kyauta ne. Duk takardar da aka samu a rubuta lambarta da shafinta nan take, kuma kada a karɓi wani a matsayin kaka sai runduna da shekara da wani abu na uku, kamar sunan magajinsa ko ranar haihuwarsa, sun dace da abin da aka riga aka sani.